Hassan Hajjaj: Mai Ɗaukar Hoton Da Ya Mai Da Gwangwani Ado

A shekarar 1962 wani mai zane ɗan Amurka, Andy Warhol, ya baje zane 32 a birnin Los Angeles, kowanne hoton gwangwanin miyar kamfanin Campbell's ne. Wasu suka yi dariya, suna tambayar yaushe kayan kanti suka zama abin ratayewa a bango. Amma salon, wanda Turawa ke kira Pop Art, ya kafu: mai fasaha ya ɗauki tambarin kamfani da hotunan talla, ya faɗi wata magana da su.

Cikin masu riƙe da wannan salo a yau akwai Hassan Hajjaj. An haife shi a garin Larache na ƙasar Maroko a 1961, ya koma Landan yana yaro a 1973. Bai yi makarantar zane ba. A harkar tufafi da kiɗa ya goge kafin ya rungumi kyamara.

Ga yadda yake aiki. Yakan shimfiɗa tabarmar roba mai launi a bango, ya zaunar da mutum a gabanta, sau da yawa kan akwatin lemon kwalba, ya ɗauke shi. Daga nan sai ya kewaye hoton da katako mai gurabe, ya jera gwangwanayen tumatir, kifi ko Coca-Cola masu rubutun Larabci, har jeren ya yi kama da adon tayil na gine-ginen Maroko. A jerin hotunansa da suka fi shahara, Kesh Angels, matan birnin Marrakesh ne masu sana'ar lalle ke bisa babura, sanye da jallabiya da niƙabi masu tambarin manyan kamfanonin ado irin su Louis Vuitton. A 2019 wani babban gidan baje hotuna na Faris ya ware masa zaurukansa.

Mene ne hikimar? Talla tana so idonka ya tsaya kan haja. Hajjaj ya juya lissafin: haja ta koma gefe, mutum ya hau tsakiya. Mai lallen da ɗan yawon buɗe ido kan wuce bai ko dube ta ba, ita ce sarauniyar hoton, tamburan kamfanoni kuwa suna yi mata fadanci. A nan Najeriya ma, El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, ya ɗinke murafen gwangwanin madarar Peak da waya, ya fitar da aikin da aka baje a ƙasashen waje.

Mutumin Ringim ko Dutse bai rasa kayan wannan aiki ba. Ga shagunan da kamfanonin waya suka shafe da ruwan ɗorawa ko kore, ga tauraron Maggi a allunan kasuwa, ga acibalbal da ake ƙerawa da gwangwani, ga motar langalanga ta yara. Jeren kwanuka a ɗakin amarya kuwa ya nuna iyayenmu mata sun daɗe da sanin cewa kayan masana'anta, in an tsara su, ado ne.

Sai dai a kula. Tsakanin fasaha da tallar kyauta zare ne siriri. In hoto bai ce komai ba sai sunan kamfani, to kamfanin ya ci riba, mai zane ya tashi a tutar babu. Haka kuma tambari mallakar mai shi ne. Buga shi a kan kayan sayarwa ba da izini ba na iya kai mutum kotu.

Saboda haka matasanmu masu rubutun allon shago da masu ɗaukar hoto da waya, kafin ku sa kowane tambari a aikinku, ku fara tambayar kanku: labarin wa nake bayarwa, na kamfani ko na mutanen garinmu?