Alƙaluma Uku da Ke Nuna Yadda Homon Ke Juya Tsiro

Tsiro ba shi da jijiya ko ƙwaƙwalwa. Saƙon da ke cewa iri ya tsira, kara ya yi tsawo, fure ya buɗe ko ɗa ya nuna, wasu sinadarai ne da ake kira homon ke kai shi. Adadinsu ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa ake auna su da kashi cikin miliyan. Kashi 1 cikin miliyan shi ne giram ɗaya a tankin ruwa mai cin lita 1,000.

100 zuwa 150 cikin miliyan. Wannan shi ne ma'aunin iskar etilin da ake sakarwa a ɗakunan nukar ayaba na zamani, na tsawon awa 24 zuwa 48. Ɗaki mai tsawon mita 5, faɗi 4, tsayi 3 yana ɗauke da iska lita 60,000, ke nan lita 6 na etilin sun kai shi kashi 100 cikin miliyan. Da zarar ayabar ta ji, ita ma sai ta fara fitar da nata etilin, nuna ta ci gaba da kanta. Dimitri Neljubow ne ya gano tasirin wannan iska a Rasha a 1901, a 1934 kuma aka tabbatar tsiro na ƙera ta. Kabayid ɗin da wasu 'yan gwari ke nukar mangwaro da shi asitilin yake fitarwa, wadda ba ta kai etilin ƙarfi ba, ga gurɓatattun sinadarai masu guba tare da shi. Dalilin gargaɗin da hukumar NAFDAC ke yi ke nan.

Fiye da 130. Yawan nau'o'in jibarelin da aka sani ke nan, amma 'yan kaɗan ne ke aiki kai tsaye wajen miƙar da kara. A 1926 Eiichi Kurosawa ya nuna cewa wani naman gwari ne ke zuba sinadarin da ke sa shinkafa ta yi tsawo fiye da kima har ta kwanta, wato jibarelin. Shekara 40 bayan haka, a 1966, cibiyar IRRI ta Filifin ta fitar da irin IR8 mai tsayin kusan mita ɗaya, wanda ya ba da tan 5 a hekta ba taki, kusan tan 10 da taki da ban ruwa. Sai a 2002 aka gano sirrinsa: ƙwayar halittar da ke ƙera jibarelin ce ta samu naƙasa. Ƙarancin homon ya gajarta kara, gajeren kara ya ɗauki nauyin zangarniya bai faɗi ba.

Fiye da shekara 10. Tsawon lokacin da irin ƙuduji, wato wuta-wuta, ke iya kwanciya a ƙasa ke nan, kuma tushe ɗaya na zubar da iri dubbai. Ba ya tsira sai ya ji sinadarin sitirigolakton daga saiwar tsiro irin su dawa, gero ko masara da ke dab da shi. An fara samun sinadarin a saiwar auduga a 1966, a 2008 aka tabbatar homon ne mai rage yawan rassa. Idan ƙasa ta rasa fosfaras, saiwa takan ƙara fitar da shi, don haka gonar da ta gaji ta fi fama da wuta-wuta. Auduga da waken soya kuwa suna tayar da irin, amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu cikin kwanaki.

Manomin da ke juya dawa da waken soya yana kuma zuba taki, da wannan lissafin yake aiki: yana rage irin da ke ƙasa, yana rage saƙon da ke tayar da shi.