Babban Kanti da Shagon Unguwa: Wa Ke Riƙe da Cefanen Maisandari?

A watan Janairun 2024 kantin Shoprite da ke Ado Bayero Mall, kan titin Gidan Zoo a Kano, ya rufe ƙofarsa bayan kusan shekara goma da buɗewa. Kamfanin, wanda asalinsa na Afirka ta Kudu ne, ya fara kafa reshe a Legas a 2005, sannan ya sayar da harkarsa ta Najeriya ga 'yan kasuwar cikin gida a 2021. Idan har hakan ta faru a cibiyar kasuwancin Arewa, ya kamata a tambaya: yaya lamarin yake a Maiduguri, inda manyan kantunan 'yan gida irin su Today's suka yi suna, masu shago da masu tebur kuma suna nan a kowane lungu? Mazaɓar Maisandari, da ke ƙaramar hukumar birnin, wuri ne da ya dace a duba wannan, domin ta haɗa ma'aikata masu albashi, da 'yan ga-ruwa, da direbobin Keke Napep, da iyalan da rikicin Boko Haram ya koro daga ƙauyukansu.

Tsarin shiga kanti ka ɗauki kaya da hannunka ya samo asali ne daga Amurka, inda Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a birnin Memphis a 1916. Dabarar har yau ba ta sauya ba: a saro kaya da yawa kai tsaye daga kamfani ko babban dila, a ɗora riba kaɗan a kan kowane ɗaya, a bar yawan ciniki ya cike giɓin. Mai saye kuma yana samun abin da kasuwa ba ta cika ba shi ba. Farashi a rubuce yake, babu tayi babu "albarka". Akwai rasit, akwai firji, ana iya duba ranar lalacewar kaya a natse, mace ta zagaya da kwandonta ba mai jan hannunta. A garin da zafin watan Afrilu kan haura maki 40, sanyin cikin kantin kansa abin talla ne. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka cika Maiduguri tun wajen 2016 sun ƙara wa irin waɗannan kantuna kwastomomi masu sayen kayan wata guda a lokaci ɗaya.

Sai dai kowanne daga cikin waɗannan da tsadarsa. A Janairun 2021 maharan da suka karya turakun lantarki a hanyar Damaturu sun jefa birnin cikin duhu na tsawon watanni, kuma sai a Maris ɗin 2023 aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 da NNPC ya gina. Duk kantin da ya ajiye kaji da yogot dole janaretonsa ya kwana yana aiki, ko ya kashe maƙudan kuɗi a sola. Galibin kayan masana'antu daga Legas ko Kano suke tasowa, su bi ta Potiskum da Damaturu, tafiyar kusan kilomita 600 daga Kano. Ga haya, ga albashin ma'aikata da masu gadi, ga haraji. Amanar rubutaccen farashi ma sai an tsare ta: a Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci bisa zargin cewa kuɗin da ke jikin kanta daban, wanda ake karɓa wurin biya daban.

Mai shagon unguwa ba ya ɗauke da wannan nauyi, kuma yana da makamai biyu da babban kanti bai mallaka ba. Na farko, yana fasa kaya. Buhun sukari ya zama ƙulli-ƙulli a farar leda, jarkar man gyaɗa ta zama ludayi, ledar Maggi ta zama ƙwaya biyu, shinkafa a auna gwangwani. Da safe yarinya za ta zo da kuɗi dunƙule a hannu ta karanto saƙon uwarta: ganyen shayi ɗaya, madara ɗaya, omo ɗaya, sauran canjin a ba da ashana. Kamfanoni sun daɗe da fahimtar wannan kasuwa. Madarar Cowbell a ƙaramar leda, da ta shigo a 1993, da wannan kasuwa ta kafu.

Na biyu shi ne littafin bashi, wani tsohon littafin makaranta da ke ƙarƙashin kanta, kowane gida da shafinsa. Magidanci zai leƙo bayan Isha'i ya ce, "Malam, a rubuta min taliya biyu, in Allah ya kai mu Juma'a zan shigo." Ba jingina, ba ruwa, sai sanayya da kunyar haɗuwa a masallaci. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, gidaje da dama da wannan littafi suka ci abinci.

Gaskiya ne wanda ya sayi ƙulli yakan biya fiye da wanda ya sayi kwali, idan aka lissafa awo da awo. Talaka ya san haka sarai. Amma wanda samunsa na yini ne ba shi da halin cin ribar sari, kuma zuwa babban kanti na buƙatar kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, tunda an hana babura a birnin tun 2011. Saboda haka takarar ba ta cika zama gaba da gaba ba. Yadda kuɗi ke shigowa aljihu, a wata ko a yini, shi ke zaɓa wa mutum inda zai yi cefane. Ma'aikaci ɗaya ma yakan cika but ɗin mota a kanti ranar albashi, ya koma shafinsa na shago idan wata ya yi nisa.

Abin da ya fi girgiza mai shago a 'yan shekarun nan ba daga manyan kantuna ya fito ba. Gobarar 26 ga Fabrairun 2023 ta cinye kasuwar Monday Market, inda akasarin masu shago ke sari. Cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya ɗaga kuɗin dako, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, sannan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumbar 2024 ta sake shafe dukiya a kasuwar. A irin wannan yanayi, wanda ya ba da bashin katan ɗaya, ranar da aka biya shi kuɗin ba za su sake sayo katan ɗin ba. Jari ya riƙa narkewa ke nan, shago yana buɗe amma kanta tana yashewa.

Nan ne ya kamata masu tsara manufofi a Borno su sa ido. Manyan kantuna suna da amfaninsu: suna ɗaukar matasa aiki, suna koya wa jama'a neman rasit da duba kwanan wata, kuma za su fi amfani idan suka ba wa kayan gida, kamar busasshen kifin Baga da turaren wutan Barno, gurbi a kantocinsu. Masu shago kuwa, babbar buƙatarsu ita ce ƙaramin rance mai sauƙi, da haɗa kai su yi sari tare domin su samu farashin dila, da kasuwannin da aka tsare daga wuta da ruwa. Duk ranar da jarin mai shago ya karye, gidajen da ke cikin littafinsa ne za su fara kwana da yunwa, kuma babu kantin da zai ba su bashi.