Yadda Kasuwa Ta Sauya Dokar Giya A Jihar Utah

Shekara da shekaru, dokar Jihar Utah ta ƙasar Amurka ta hana kantuna sayar da giyar da ƙarfinta ya wuce kashi 4 cikin ɗari. Ƙananan masana'antu sun sha kokawa, domin galibi sai a shagunan gwamnatin jihar ake samun hajarsu mai ƙarfi.

Amma ba kukansu kaɗai ya yi aiki ba. A 2018 Jihar Oklahoma, babbar kasuwar wannan giya mai sauƙi, ta soke irin wannan ƙa'ida, Kolorado da Kansas suka bi sahu a 2019. Da ciniki ya ragu, manyan kamfanoni suka soma rage sarrafa ta, masu kantunan Utah kuwa suka ga kaya na shirin yanke musu. Ranar 1 ga Nuwamba, 2019, aka ɗaga iyakar zuwa kashi 5.