Yadda Alƙali Ke Kaiwa Kotun Ƙoli: Misalin Mai Shari'a Mary Odili

Shari'ar fili da ɗan kasuwar Arewa ya shigar a Fatakwal, Onitsha ko Inugu, idan aka yi ta ɗaukaka ƙara, a Kotun Ƙoli take tsayawa, kuma hukuncinta shi ne na ƙarshe.

Tsarin mulkin 1999 ya shardanta wa alƙalin kotun shekara 15 da zama lauya. Majalisar Shari'a ta Ƙasa ke miƙa suna, Shugaban Ƙasa ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar.

A aikace, hanyar ta fi haka nisa. Mai Shari'a Mary Odili ta daɗe tana majistare a Jihar Ribas kafin ta hau Babbar Kotu a 1992, Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2004, sannan Kotun Ƙoli a 2011. Shekara 11 kacal ta samu a kujerar: a Mayun 2022 ta cika 70, shekarun da doka ta wajabta ritaya.