Shehu Abdullahi: Ɗan bayan da ya buɗe wa Najeriya ƙofar Rasha

Da yammacin Asabar, 7 ga Oktoba, 2017, filin wasa na Godswill Akpabio da ke Uyo ya cika maƙil, amma hankalin jama'a ba a kwance yake ba. Zambiya ta zo da shirinta, har ta jefa ƙwallo a ragar Najeriya kafin hutun rabin lokaci, alƙalin wasa ya soke ta bisa satar gida. Wasa ya yi nisa babu ci, ya rage ƙasa da minti 20 a tashi, sai Victor Moses ya tura ƙwallo ta gefen dama. Mai tsaron bayan da ya biyo shi a guje ya karɓa, ya kutsa, ya mayar da ita baya a ƙasa zuwa ƙafar Alex Iwobi, wanda bai daɗe da shigowa canji ba. Iwobi ya narka ta a raga. Da wannan ci ɗaya tilo Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018.

Washegari sunan Iwobi ne ya cika jaridu, kuma haka al'adar ƙwallo take. Wanda ya shirya cin kuwa shi ne Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, mai shekara 24 a lokacin. A wannan wasan ne kuma alƙali ya ɗaga masa katin gargaɗi, abin da babu wanda ya mayar da hankali a kai cikin murna, har da mutanen da aikinsu ke nan.

An haifi Shehu a Sakkwato ranar 12 ga Maris, 1993. Bai bi ta makarantar horar da yara ta wata ƙungiyar Turai ba, kamar yadda da yawa daga abokan wasansa na Super Eagles suka bi. Gasar cikin gida ce ta raine shi, kuma a Kano Pillars ya yi suna, a shekarun da Sai Masu Gida suka mamaye gasar Firimiyar Najeriya har suka ɗauki kofin sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata makaranta ce mai tsanani: 'yan kallonsa na yabo da zuciya ɗaya, amma ba sa ɗaga wa mai kuskure ƙafa. A can aka san shi da iya tsayawa a tsakiyar fili yana tare hanya, da kuma iya komawa lamba biyu idan buƙata ta taso. Wannan hali na shiga duk gurbin da ya ɓule shi ya zama jarinsa. Shi ne kuma ya hana a ce ga wuri ɗaya da ya zama nasa har abada.

A 2013 yana cikin tawagar Flying Eagles da ta je Gasar Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Turkiyya. A farkon 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke taka leda a gida kaɗai ke bugawa. A can ne Maroko ta zura wa Najeriya uku babu ko ɗaya kafin hutu, aka dawo aka farke duka, aka ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci. Ghana ta tare su a bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Zimbabuwe suka zo na uku.

Daga nan sai ci-rani. A 2014 ya koma Qadsia ta Kuwait, a 2015 ya tsallaka União da Madeira ta Fotugal, ƙungiyar tsibirin da aka haifi Cristiano Ronaldo. Ƙungiyar ta faɗi daga babban rukuni a ƙarshen kakar, shi kuma ya wuce Anorthosis ta Saifurus a 2016, ƙungiyar da ita kanta baƙuwa ce a inda take, domin tun yaƙin 1974 ta bar garinta na Famagusta ta koma Larnaka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake nuna wasanta a gidajen kallon ƙwallo na Kano ko Lafiya ko Sakkwato, inda Firimiyar Ingila da La Liga ke cin kasuwa. Saboda haka mafi yawan 'yan ƙasarsa ba su san wasansa ba sai a rigar Najeriya.

A cikin wannan riga ya je gasar Olamfik ta Rio a 2016, ƙarƙashin Samson Siasia. Labarin tafiyar ya fi na wasannin yawo a duniya. Tawagar ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda rikicin kuɗin jirgi, ba ta sauka a birnin Manaus ba sai 'yan sa'o'i kafin wasanta na farko da Japan, ranar 4 ga Agusta. Duk da haka ta ci 5 da 4, Oghenekaro Etebo ya zura huɗu shi kaɗai. Wasa ne da masu tsaron baya ba za su yi alfahari da shi ba, amma mutanen da suka sauko daga jirgi suka shiga fili ba a tuhumarsu da yawa. Bayan haka baya ta daidaita: aka ci Suwidin 1 da nema, aka fitar da Denmak da 2 da nema. Jamus ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe, sannan suka doke Honduras 3 da 2 a Belo Horizonte, Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Wannan tagulla ita ce lambar yabo ɗaya tak da Najeriya ta dawo da ita daga Rio a dukkan wasanni.

Sai kuma batun katin nan. Kwana 34 bayan wasan Uyo, ranar 10 ga Nuwamba, 2017, Najeriya ta je Kustantin ta kara da Aljeriya a wasan ƙarshe na rukuni, wasan da ba shi da wani tasiri tunda gurbi ya riga ya samu. Koci Gernot Rohr ya sa Shehu a fili. John Ogu ya ci, Yacine Brahimi ya farke da fenareti, aka tashi kunnen doki. A Disamba hukumar FIFA ta soke sakamakon, ta bai wa Aljeriya nasarar 3 da nema, ta kuma ci tarar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, faran 6,000 na Suwizalan. Dalili shi ne Shehu bai cancanci buga wasan ba. Doka ta ce ɗan wasan da ya samu katin gargaɗi biyu a wasanni daban na neman gurbi zai huta wasa ɗaya. Na Uyo shi ne na biyu. Na farko ya same shi tun Nuwamban 2015, a karawa da Suwazilan, zamanin da Sunday Oliseh ke riƙe da ƙungiyar, shekara biyu cur kafin nan.

Lissafin kati aikin ofis ne. Ɗan wasan da aka kira aka ba riga ba shi ne mai ajiye kundin gargaɗin shekara biyu ba, musamman a ƙungiyar da ta sauya masu horarwa a tsakanin. Amma a kanun labarai sunansa ne ya fito, kuma har yau idan aka nemi labarin wannan hukunci shi ake fara gani. Abin da ya ceci Najeriya shi ne tazara: makinta ya sauko daga 14 zuwa 13, Zambiya na da 8. Da a ce wasan Uyo aka tafka wannan kuskure, da labarin ya sha bamban. Kef Bade ta ɗanɗana irinsa a 2013, lokacin da ta doke Tunisiya amma aka kore ta daga zagayen ƙarshe na neman gurbin gasar Brazil saboda ta sa Fernando Varela alhali hukuncinsa bai ƙare ba. A 2025 ma an zaftare wa Afirka ta Kudu maki uku saboda Teboho Mokoena, a rukunin da Najeriya take ciki.

A Janairun 2018 ya koma Bursaspor ta Turkiyya, kuma a watan Yuni ya tafi Rasha a matsayin lamba biyun Najeriya. Shi ya fara wasa da Kuroshiya a Kaliningrad ranar 16 ga Yuni, aka sha kashi 2 da nema. Rohr ya sauya tsari kafin wasan Aisilan: ya tsayar da 'yan baya uku, ya mayar da Victor Moses gefen dama yana hawa yana sauka. Sabon tsarin ya yi aiki, Ahmed Musa ya ci biyu, amma babu gurbin lamba biyu a cikinsa. Shehu bai sake fara wasa ba har Ajantina ta fitar da Najeriya. Mutumin da ya ba da ƙwallon da ta kai ƙasar Rasha, wasa ɗaya ya fara a can.

Shekarar 2019 ba ta yi masa sauƙi ba. Bursaspor, wadda ta taɓa ɗaukar kofin Turkiyya a 2010, ta faɗi zuwa rukuni na biyu. A Gasar Cin Kofin Afirka ta Masar ya fara wasan farko da Burundi a Iskandariyya, rauni ya fitar da shi kafin hutu, Chidozie Awaziem ya canje shi ya kuma riƙe gurbin. Najeriya ta zo ta uku, tagulla ta uku ke nan a hannun Shehu bayan ta CHAN da ta Rio.

Kofin da ya ɗauka a Turai a Saifurus ya same shi. Ya koma Omonia ta Nikosiya a 2020, ƙarƙashin Henning Berg, tsohon ɗan bayan Manchester United, suka lashe gasar ƙasar a kakar 2020/2021, karo na farko ga ƙungiyar tun 2010. A 2022 suka ƙara da kofin ƙalubale, sannan ya yi ɗan gajeren zama a Levski Sofiya ta Bulgeriya.

A 2024 ya dawo Kano Pillars, shekara goma bayan barinta, kuma a wannan shekarar Ahmed Musa ya biyo shi. Dawowa gasar gida na nufin doguwar tafiya a mota, da filayen da ciyawarsu ba ta kai ta Nikosiya ba, da wasannin waje a garuruwa irin su Lafiya, gidan Nasarawa United, inda baƙo ba ya samun maki cikin sauƙi. Matasan da suka san shi a talabijin ranar wasan Kuroshiya sun samu damar ganinsa ido da ido, yana tsaye a baya yana nuna wa na gabansa inda za su tsaya.