Babban Gwani, Maginin Masallacin Juma'a na Zariya

A tarihin gine-ginen ƙasar Hausa babu maginin da ya yi suna kamar Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da laƙabin Babban Gwani, wato jagoran gwanayen magina, domin shi ne ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Inda gizo ke saƙar a ginin ƙasa shi ne rufi, saboda azara, wato tsagaggen itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, takan lanƙwashe da nauyin ƙasa idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta yi yawa. Dabarar magina ita ce baka: ana kafa azara a jikin bango ko ginshiƙi, a ɗora wata a kanta tana ɗan zarcewa gaba, a ɗaure da igiya, a yaɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya sai a kira shi ɗaurin guga, kuma a kansa ake ɗora tulluwa, rufin nan mai tudu da ruwan sama ba ya kwanciya a kansa. Gwanintar Malam Mika'ilu ita ce ya jera irin waɗannan bakuna a kan manyan ginshiƙai masu zane, ya samar da fili mai faɗi da tsawo wanda ke ɗaukar sahu-sahun masallata.

Ana ba da labari cewa bayan ya yi wa Sarkin Birnin Gwari irin wannan gini, sarkin ya sa an kashe shi don kada wani ya samu kamarsa, labarin da ko ba komai yana nuna darajar aikinsa a idon mutanen zamaninsa. Daga baya masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna masallacin na Zariya ya zana taswirarsa, sannan a shekarun 1970 aka yi sabon ginin siminti da ya rufe abin da ya rage na tsohon.

Wannan ilimi na ginin ƙasa yana hannun tsofaffin magina ne, don haka ya kamata masarautu da garuruwan ƙasar Hausa su adana tsofaffin soraye, su kuma sa matasa koyon sana'ar tun masu ita suna raye.