Inci huɗun da suka ɓace

Gangar ƙafa ce ta gwanjo, irin babbar nan da ake bugawa da feda a jerin gangunan zamani. Faɗinta inci 22, zurfinta 14. Wani makaɗi ya saye ta da murna, amma ko ya ya ɗaure ta sai ta yi wani "faf" kamar an doki katifa, kuma a gefe guda fatar tana tattarewa.

Fatar aka fara zargi. Ya sayo sabuwa ta roba, ya ɗaure sukurorin ɗaya bayan ɗaya, kowane da na daura da shi. Tattarewar ta dawo daidai inda take. Ya juya fatar, tattarewar ta ƙi bin ta, ta tsaya a wurinta. Ke nan matsalar a jikin icen take.

Sai ya kai wa wani dattijon kafinta mai gyaran kayan kiɗa. Dattijo bai ko buga ta ba. Ya dubi mazaunin ƙananan ganguna da ke samanta, ya ga ya matso kusa da bakin da ake bugawa fiye da kima.

"Yaro, wa ya sayar maka da wannan?"

"A kasuwa na samu, Baba."

Ya cire fatar, ya shafa cikin icen. Ga ramuka goma a jere an toshe su, rabin inci daga baki. Ya auna ɗaya ɓangaren: ramin ciki na ƙarfen ɗaure fata yana inci huɗu da rabi daga baki. Lissafi ya fito. Wani ya sa zarto ya yanke inci huɗu, ya huda sababbin ramuka. Gangar da zurfin inci 18 aka haife ta.

Yankan kansa ba laifi ba ne, kuma ina ganin mai yankan yana da hujja. Faɗi ne ya fi yanke hukuncin kaurin murya. Zurfi kuwa ya fi shafar yadda iska ke kai wa fatar gaba da yadda feda ke ji a ƙafa. Gajeriyar ganga tana amsawa da sauri, ga sauƙin shiga mota. Zurfin 14 ne aka saba a shekarun 1960: Ringo Starr na Beatles ya buga gangar Ludwig mai 22 da 14, John Bonham kuma mai 26 da 14. Daga shekarun 1980 ne aka shiga yayin masu zurfin 16 da 18.

To me ya kashe wannan? Dattijo ya kife icen a kan gilashi mai kauri, ya saka tocila ciki, ya rufe taga. Haske ya ɓullo ta ƙarƙashin baki, tsawon kamu guda, daidai wurin da fatar ke tattarewa. Zarton ya karkace, leɓen bai zauna daidai ba, fatar kuma ba ta taɓa ice a nan.

Ya manna samfefa a shimfiɗaɗɗen teburi, ya yi ta murza bakin har hasken ya ɗauke, sannan ya fere leɓen a kusurwar digiri 45. Da aka mayar da fatar, ta miƙe tun kafin a gama ɗaurewa, makaɗin ya taka feda, gilashin tagar ya yi rawa.